Daminar da Baba Ya Yi Faɗa da Kalkilatiris

Mahaifina malamin lissafi ne, ni kuwa lissafi bai taɓa samun wurin zama a kaina ba. Ya yi shekaru yana koyarwa a lise, wato babbar sakandare, har ya aje aiki, kuma duk unguwarmu ta Kirkisoy ba mai kiran sunansa. Mushe ake ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har Innarmu ma haka take kiransa. Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake ce mini ko da faɗa yake yi. Lokacin da nake makaranta, in na kawo masa takardar jarrabawa sai ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallon makin da aka ba ni, sannan ya ce, "Uwata, wanga zero dai zagayenshi ya yi kyau." Ina kumbura, yana dariya, Inna na ce masa ya bar yarinya ta ci abinci.

Da ya aje aiki bai zauna ba. Ya kafa rumfa a ƙofar gida ya jingina allo, yara masu shirin jarrabawar bak ta gama sakandare suna zuwa bayan la'asar. Baba mutum ne mai magana. In ya fara bayani ya manta da yunwa, tuwonsa ya sha hucewa a kwano saboda wani yaro bai gane wani abu ba. Yana da wata bajinta da duk wanda ya zauna ajinsa yake ba da labarinta. Zai tsaya gefe da allo, alli a hannun dama, ya juya hannun daga kafaɗa sau ɗaya, sai ga da'ira tsaf kamar an kifa faifai an bi bakinsa. Yara kan ɗauko kwampa, ƙarfen zana da'ira, su gwada don su kama shi da kuskure, ba su taɓa dacewa ba.

Wata safiya a farkon damina ya tashi zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi ta. Hawan jini ne. Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun yana lilo, ƙafar sai an ja ta, bakin ya karkace gefe guda. In ya yi magana kalmomin suna fitowa da nauyi, wasu su maƙale a hanya, yawu ya biyo su. Likita ya kira ni da Inna ya ce hankalin mutumin nan garau yake, ba abin da ya taɓa shi. Ya ce hannun sai abin da Allah ya yi, amma harshe zai saki in ana aiki da shi, in kuwa aka bar shi a kwance to zai ƙara nauyi har ya zauna haka. Ya ce, "Ku sa shi magana. Ko faɗa ne ya yi, ku dai sa shi magana."

Baba kuwa sai ya rufe bakinsa.

Ba wai ya kasa ba ne, ƙi ya yi. Kunya yake ji. In yana son ruwa ya nuna randa, in ya ƙoshi ya ture kwano. Masu zuwa dubiya suka yi ta sallama, abokan aikinsa, liman, tsofaffin ɗalibai, shi kuwa da ya ji muryar baƙo sai ya juya fuskarsa bango. Inna ta gaji da ba mutane haƙuri a zaure. Ita Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, in ranta ya ɓaci takan fara faɗa da Hausa ta ƙare da Zabarmanci, kuma ta yi masa da duka biyun, bai tanka ba. Ruwan sama ya yi ta dukan allon nan na rumfa har ya kumbura, awakin maƙwabta suka mai da wurin ɗakin kwanansu.

Ni ina aure a ƙetaren kogi, a cikin gari nake aiki. Kullum in na tashi sai in biya Petit Marché in sayi ɗan abin da na san yana so, gwaba ko lemo, in hau taksi in haye gada. Na gwada duk dabarar da na sani. Na kawo masa labarin siyasa, na kawo masa jikokinsa, na faɗi abin da na san ƙarya ne don ya musa. Wata rana na zauna gabansa na yi kuka sosai, ba na dabara ba. Ya miƙo hannun hagu ya dafa kaina, shi ke nan. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ina ganin mahaifina yana zaune gabana yana tafiya.

Akwai wani tsohon ɗalibinsa da bai gaji da zuwa ba. Babban mutum ne yanzu, da furfura a gemu, yana aikin kula da hanyoyin ruwa a gonakin shinkafa na Saga. Duk zuwan da zai yi a zaure yake tsayawa, a ce masa Mushe na hutawa, ya yi addu'a ya hau babur ɗinsa ya koma. Ranar nan muka yi kiciɓis da shi a ƙofa, ya zaro wani abu a cikin leda ya miƙo mini. Kalkilatiris ce, na'urar lissafi, amma ba irin ta 'yan kasuwa ba. Ta fi tafin hannu tsawo, da maɓallai birjik, da gilashi mai faɗi a sama.

Ya ce, "Ta ɗiyata ce. Wagga zane take yi, ki rubuta mata lissahi ta zana miki shi. Suna hutun bakansi yanzu, ba makaranta, sai an koma lakwal za ta neme ta. Da yatsa guda ake aiki da ita, na hagu ma ya isa."

Na ce masa ya manta halin malaminsa ke nan. Baba ba abin da ya tsana kamar waɗannan na'urori, cewa yake yi suna mai da kan yaro fanko, kuma in ya ga ɗaya a aji sai ta kwana a aljihunsa.

Ya yi murmushi ya ce, "Na sani, ai ya taɓa amshe tawa. Shi ya sa na kawo."

Ya nuna mini inda ake kunnawa, inda ake rubutu, da maɓallin da ake dannawa zane ya fito. Littafinta ya ɓace tun tuni, don haka iyakar ilimin da na shiga ɗaki da shi ke nan.

Na aje ta kan tabarma kusa da Baba. Ya kalle ta sau ɗaya, ya sa bayan hannu ya ture ta har ta bugi ƙafar gado. To, na ce a raina, aƙalla ta samu abin da liman bai samu ba. Na ɗauke ta na zauna inda zai iya ganin gilashin, na ce da ƙarfi, kamar da kaina nake magana, yau sai na zana da'ira. Da gangan na zaɓi da'ira, na san inda ke masa ciwo. Lissafinta ne kaɗai abin da ya maƙale mini daga makaranta, saboda na girma ina ganinsa a allo: iks sau iks, a tara da igrek sau igrek, ya ba da ashirin da biyar. Iks shi ne tafiya gefe, igrek shi ne tafiya sama ko ƙasa, iyakar sanina ke nan.

Sai dai na'urar ba ta yarda a rubuta mata haka. Ita ta riga ta rubuta igrek a farkon layi, tana jiran ka gaya mata shi kaɗai nawa ne. Na yi ta dannawa tana mayar mini da wata kalma mai nufin na yi kuskure. Daga baya na yi wayo na kwashe iks ɗin na mai da shi ɗaya gefen, na danna. Sai ga wasu sanduna biyu a tsaye, sun ɗan karkata, kansu ya fice daga gilashin. Na ce, "Yawwa, ta kusa." Na ji tsaki daga gefen bango.

Tsakin nan ya fi mini duk wata gaisuwa da na taɓa ji. Ban ɗaga kai ba. Washegari na dawo na sake yin shirmen nan, jibi ma haka, kuma ba sai na ƙirƙiro shi ba, Allah ya hore mini shi. Ina karanta abin da nake rubutawa da ƙarfi, ina yabon kaina. Ina ganinsa ta wutsiyar ido yana motsi, yana jan numfashi, yatsun hannun hagunsa suna bugun gwiwa. Ana nan, ina cikin cewa wataƙila na'urar ce ta lalace, sai na ji wata murya mai nauyi, kamar ta fito daga cikin rijiya.

"Rasin."

Na ce, "Na'am, Baba?"

Ya rufe ido don takaici. Ya sake haɗa bakinsa da ƙyar. "Rasin. Uwata. Ba ki da kai."

Rasin wani maɓalli ne mai alama kamar ƙugiya, shi ke mayar da ashirin da biyar ya koma biyar. Na neme shi, na sa shi gaban lissafin, na danna. Wani ɗan layi ya taso daga hagu, ya hau, ya lanƙwasa, ya sauka a dama. Ƙwarya ce a kife. Na yi shewa har Inna ta leƙo daga madafa.

Baba ya ce, "Rabi ne."

Na ce ina sauran? Nan ne ya yi mini bayaninsa na farko tun da ya faɗi, guntu-guntu, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. Da na ce ban gane ba sai ya harare ni ya sake. Abin da na tsinta shi ne, wannan na'ura a kowane wuri amsa ɗaya take iya bayarwa. Da'ira kuwa a kowane wuri tana da biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Don haka sai an rubuta mata layi na biyu, irin na farko sak, amma da alamar ragi a gaba, sannan ta zana rabin ƙasa. Na kalli rabin da'irar nan, idona ya sauka kan hannunsa da ke kwance a cinya, na yi sauri na kau da kai kada ya gani.

Layi na biyun ma sai da ya ba mu wuya, domin ashe alamar ragi iri biyu ce a jikinta, ni kuwa na nace wa wadda ba ita ba. Da muka gano, na danna, rabin sama ya fito, na ƙasa ya biyo shi. Muka tsaya muna kallo. Inna ta shigo da tire za ta kwashe kwanuka, ta sunkuyo ta duba.

Ta ce, "Mushe, ƙwan zabuwa kuke zanawa? Ai ga su nan cike da kasuwa."

Gaskiyarta. Abin da ya fito ya baje gefe, ya matse sama da ƙasa, ko makaho ya shafa ba zai ce da'ira ba ce. Dariya ta ƙwace wa Baba, ta fito ta gefe guda na bakinsa tare da yawu. Ya yi maza ya rufe da hannun riga, fuskarsa ta canza, ya juya bango. Na ɗauka mun koma gidan jiya. Amma da na tashi tafiya zan sa na'urar a jaka, sai ya buga tabarma da tafin hannu. Na aje ta a wurin na tafi.

Inna ta gaya mini da safe ta same shi ya ɗora ta a gwiwa, yana bin maɓallan da babban yatsan hagu, yana danna biyu a maimakon ɗaya, yana gunaguni. Da na zo da yamma ko gaisuwata bai amsa ba, ya ce in kawo tsinken tsintsiya. Ya sa na auna gilashin a kwance, na karya tsinken daidai, sannan na auna shi a tsaye. Tsinken ya yi rara. Ya ce in duba lambobin da ke wani shafi da ya gano da kansa, inda na'urar ke faɗin iyakar abin da take nunawa. Goma hagu, goma dama, goma sama, goma ƙasa.

Ya ce, "Kin gani? Hili ba daidai ba. Rabo daidai. Taki na gehe ya hi na sama tsawo." Ya huta. "Lissahin gaskiya ne. Ita ta ja shi."

Wannan kam na gane shi, har na yi mamakin kaina. Ya ba ni sababbin lambobi na gefe, sha biyar da 'yan kai, na rubuta. Ƙwan ya tattaru ya zama zagaye sosai. Na tashi zan yi rawa, ya ce in zauna. Ya sa yatsa a gefen hagu na da'irar, sannan a gefen dama. A duka wuraren biyu, inda rabin sama ya kamata ya sadu da na ƙasa, akwai ɗan giɓi. Ba su haɗu ba.

Ni da za a bi tawa, an gama. Wane ne zai kula da ɗan giɓin da bai kai ƙwayar shinkafa ba? Amma Baba abin ya tsaya masa a rai. Ya ce da'irar da ba ta rufe ba ba da'ira ba ce, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne yara suna kallon wannan suna yarda. Ya shiga faɗa da na'urar kamar ɗalibi mai taurin kai. Ya ce mata maƙaryaciya, ya ce mata malalaciya, ya tambaye ta wa ya koya mata. Inna ta ce wata rana tana tuƙa tuwo ta ji shi yana zazzaga mata masifa shi kaɗai a ɗaki, sai ta tsaya da muciya a hannu tana saurare har tuwon ya kama. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Harshensa ya fara saki, ni shaida ce. Kalmomin da da sai ya yi kokawa da su suka fara fitowa a jere. Amma da ni da Inna da na'urar kawai yake yi. Da an yi sallama a zaure sai ya haɗiye maganar da ke bakinsa ya juya bango kamar da. Ga damina tana ƙarewa, kogi ya cika ya kawo har muna kwana da fargabar ruwa, shinkafa ta yi kore shar a bakin gada, kuma teloli sun fara ɗinkin kayan makaranta. Na zaga kantunan da na sani ban samu irin na'urar ba. Abin da ke raina shi ne, ranar da aka karɓe ta daga hannunsa zai sake rufe bakin nan, kuma a wannan karon ban san da me zan buɗe shi ba.

Shi ya gano sirrin giɓin. Ya sa tabarau, ya kai gilashin kusa da hancinsa a bakin taga, ya ce in duba da kyau. Ashe zanen ba layi ba ne, ɗige-ɗige ne ƙanana a jere. Na'urar tsalle take yi daga ɗigo zuwa ɗigo, a kowanne ta yi lissafi ta aje alama. Bakin da'irar kuwa ya faɗo tsakanin ɗigo biyu. Na baya bai kai ba, na gaba ya wuce, don haka sai ta tsallake wurin ba ta ce komai ba. Ya ce in ana so ta rufe, sai an shirya filin yadda ɗigo zai sauka daidai a kan bakin.

Don haka sai an san yawan ɗigon da ke kwance daga wannan gefe zuwa wancan. Idonsa ba zai iya ba, aikin ya faɗo kaina. Na karɓi allurar Inna ina bi ɗaya bayan ɗaya, in kai tsakiya ido ya yi ruwa in ɓace, in sake daga farko. Duk ƙirgar da na yi sai ta ba ni wata lamba dabam. Ya ce ko ƙirga ma sai an yi mini addu'a. Na ce ai gado na yi wajen uwarsa, tunda sunanta gare ni. Ya ɗaga hannun hagu kamar zai make ni, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Da lamba ɗaya ta fito mini sau biyu a jere, ya ce ta isa. Ya jingina da bango ya rufe ido, leɓɓansa na motsi. Na san wannan fuskar tun ina yarinya, ban yi zaton zan sake ganinta ba.

Ya buɗe ido ya ba ni lambobi, ya ce mu rage da'irar, daga tsakiya zuwa baki ta zama uku. Ya ce shi zai danna. Yatsan ya ɗan yi yawo kafin ya sami maɓallin. Layin ya taso daga hagu, daga kan layin tsakiya sosai, ya hau ya sauka. Na biyu ya taso daga wuri guda ya bi ta ƙasa. Na bi shi da ido har ya iso dama ya manne da ɗan'uwansa. Ba giɓi ko kaɗan.

Baba ya ce, "To."

Ni kuwa hawaye suka zubo mini. Ya janye na'urar daga gabana ya ce kada in jiƙa kayan mutane.

Ba a daɗe ba tsohon ɗalibin nan da ya kawo na'urar ya zo. Ranar Juma'a ce bayan la'asar. Ya tsaya a zaure yana ta kame-kame, ya tambayi jikin Mushe, ya yi zancen ruwa, ya yi zancen tsuntsaye da suka dami shinkafa, da ƙyar ya iya cewa yarinya za ta koma lakwal ranar Litinin. Na ce ba komai, mun gode. Na shiga ɗaki. Baba ya riga ya ji muryar, yana zaune ya ɗora hannu a kan na'urar a cinyarsa.

Na ce, "Baba, ta mutane ce. Ɗiyar za ta koma lakwal."

Bai sake ta ba, bai kuma juya bango ba. Ya daɗe yana kallon ƙofa. Na miƙa hannu, ya ƙara danne ta.

Ya ce, "Ce mishi ya shigo."

Na tsaya don in tabbata na ji daidai. Ya ce, "Kurma ce ke?"

Mutumin ya cire takalmi a bakin ƙofa ya shigo a sunkuye. Ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa a ƙasa don kada ya kalli bakin malaminsa, ya fara jero gaisuwa da addu'a. Baba ya katse shi.

"Ka san wagga aba ƙarya take yi?"

Ya mai da lambobin yadda suke tun farko, da yatsansa, a hankali, ya danna, ya juya masa gilashin. Ƙwan zabuwa ya fito da giɓinsa biyu. Sai ya fara bayani. Ya yi maganar rabi biyu, ya yi ta fili da rabo, ya shiga ta ɗigo. Yawu ya gangaro masa a haɓa, na matso da ƙyalle, ya ture hannuna ya ci gaba. Ni ina jin kowace kalma, saboda kunnena ya saba. Amma da na dubi baƙon sai na ga goshinsa a tattare, yana bin bakin Baba da ido, kuma a fili yake rabin maganar ba ta isa gare shi ba. Na buɗe baki zan fassara masa, sai ya riga ni.

Ya ce, "Mushe, ban ji ba. A maimaita."

Inna na tsaye bakin ƙofa, na ga ta dafe ƙirji. Baba ya zuba wa mutumin ido, bakinsa na rawa, ni kuwa ina jiran ya juya bango.

Ya ce, "Tun kana aji haka kake. Matso."

Babban mutum da furfurarsa ya ja gwiwa ya matso har kafaɗarsu ta kusa haɗuwa. Baba ya sake daga farko, a hankali, yana raba kalmomin, yana nuni da yatsa. Da suka kai wajen ɗigon mutumin ya sake cewa bai gane ba, Baba ya yi tsaki ya sake. Sai da aka kira magariba sannan ya sa shi ya danna da hannunsa, ya ga da'irar ta rufe. Baba ya jiƙe da gumi, muryarsa ta dishe. Ya kashe na'urar, ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya miƙa masa.

Ya ce, "Gobe ka zo min da ɗiyar taka. Kada ta riƙa yarda da duk abin da aka nuna mata."

Mutumin ya ce, "To, Mushe." Ya tashi ya fita da baya-baya. A bakin ƙofa ya daɗe a sunkuye yana laluben takalminsa, ga su kuwa a gabansa.